Babi Na Shida: Rasidin Ƙarya A Akwatin Imel

"An turo mini saƙo wai an cire mini dala ɗari uku da ɗoriya na sabunta wata rajista, ni kuwa ban san ranar da na yi ta ba. Yaya zan yi in tsayar da su?" Duk wanda ya ɗan san kan waya ko kwamfuta ya sha jin wannan tambaya daga bakin 'yan'uwa da abokan aiki. Mai tambayar yakan zo hankali a tashe, waya a hannu, yatsansa na dab da taɓa shuɗin rubutun da ke ƙasan saƙon.

Amsar a taƙaice ita ce kada ya taɓa komai a cikin saƙon, kada kuma ya kira lambar da aka rubuta a ciki. A mafi yawan lokuta ko sisin kwabo bai fita daga asusunsa ba. Kuɗin zai fita ne bayan ya yi yunƙurin tsayar da shi ta hanyar da saƙon ya nuna masa. A wannan babi za mu bi abin daki-daki, har ka iya gane irin wannan saƙo da kanka, ka kuma fahimtar da na kusa da kai.

Me ya sa suka zaɓi kuɗin wata-wata?

A da mutum yakan sayi abu ya biya sau ɗaya a rabu. Yau abubuwa da yawa haya ake bayar da su: finafinai a Netflix, waƙoƙi a Spotify, wurin ajiyar hotuna a iCloud ko Google One, manhajar kare kwamfuta ta Norton ko McAfee, tashoshin DStv a Najeriya ko Canal+ a Nijar. A yawancinsu sau ɗaya kake ba da lambar katinka, su kuma su riƙa cira da kansu duk wata ko duk shekara. Wasu sukan fara da gwajin kyauta na mako guda ko wata guda, ranar da ya ƙare sai a soma cira ba tare da an sake tuntuɓarka ba.

Wannan tsari ya bar mutane cikin kokwanto. Da wuya ka sami wanda zai rantse bai taɓa shigar da katinsa a wani shafi ya manta ba. Wataƙila yaro ya ɗauki wayar ya latsa wani abu. Wataƙila gwajin kyautar nan na bara ba a soke shi ba. A kan wannan kokwanton ɗan damfara yake kafa tarkonsa.

Akwai dalili na biyu. Damfarar da aka saba da ita tana zuwa ne da alkawarin samu: ka ci caca, an bar maka gado, ga kwangila. Mutane sun waye da wannan, kuma wanda ba shi da kwaɗayi yakan wuce abinsa. Rasidin ƙarya kuwa barazanar asara yake kawowa. Mutumin da ba ya kallon dukiyar wani yana kishin tasa, saboda haka malami da ɗan kasuwa da tsohon ma'aikaci duk suna iya faɗawa.

Alƙaluman Amurka, inda ake tattara irin waɗannan koke-koke, sun nuna girman abin. A shekarar 2023 hukumar FBI ta karɓi koke 298,878 a kan saƙonnin tarko da sojan gona, adadin da ya zarce na kowane irin laifin intanet a shekarar. Hukumar kare masu sayayya ta ƙasar, FTC, ta ce a wannan shekarar kamfanin da aka fi ari sunansa shi ne Best Buy tare da sashensa na gyaran kwamfuta mai suna Geek Squad, da koke kusan 52,000. Amazon ya biyo baya da kusan 34,000, sai PayPal da kusan 10,000. Saƙon sabunta rajistar ƙarya na cikin manyan dabarun da ake amfani da sunan Geek Squad wajen yin su. Imel ba ya neman biza, shi ya sa saƙon da aka rubuta don mutumin Amurka yakan sauka a wayar mutumin Kano ko Maraɗi.

Kamannin saƙon

Yawanci da Turanci yake zuwa, ko da Faransanci. A sama akwai tambarin kamfanin da launinsa. Sai godiya a kan ci gaba da hulɗa da su, sai lambar rasidi mai tsawo, kwanan wata na yau, da adadin kuɗi irin 349.99 ko 399.99 na dala. A gargaɗin da FBI ta fitar a watan Nuwamban 2022 ta ce kuɗin da ake rubutawa yakan kama daga dala 300 zuwa 500. An zaɓi adadin da gangan: yana da yawan da zai tayar da hankali, bai kuma yi yawan da za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba.

A ƙasa sai jimlar da ita ce zuciyar saƙon: idan ba kai ka ba da izinin wannan ciniki ba, ka latsa nan, ko ka kira wannan lamba, cikin sa'o'i 24. Wani nau'in kuma cewa yake yi an kasa cirar kuɗin wata daga katinka, za a rufe asusunka ko a goge hotunanka in ba ka sabunta bayanan katin yau ba.

Ka ƙaddara wani mutum ya tsaya a ƙofar gidanku da tsani da filaya, sanye da riga mai tambarin kamfanin wutar lantarki. Ya ce ana bin gidan bashi, an turo shi ya yanke wuta yanzu, sai dai in za a biya a hannunsa kafin ya hau. Rigar ba ta tabbatar da komai, domin kowa na iya ɗinka irinta. Maigida mai hankali zai ce masa ya saurara, zai je ofis da kansa ya duba ko akwai bashin. In da gaske ne, a can za a gani. In ƙarya ce, mai tsanin ba zai jira dawowarsa ba. Tambarin da ke kan saƙon imel daidai yake da wannan riga, mahaɗin, wato rubutun da ake latsawa, da lambar wayar da ke ciki kuma su ne hannun da aka miƙo maka.

Idan ka latsa mahaɗin

Mahaɗin zai kai ka shafin da aka kwaikwayo daga na ainihi, har da launi da hotuna. Zai nemi adireshin imel da kalmar sirri. Ko daidai ka rubuta ko kuskure, zai wuce da kai gaba, domin ba tantancewa yake yi ba, tattarawa yake yi. Shafi na biyu zai ce don a mayar maka da kuɗinka sai ka rubuta lambar katin, ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun nan na bayansa.

A daidai lokacin da kake cikewa, ɗan damfarar yana can yana shigar da bayanan a wani shafin sayayya. Bankinka zai turo maka lambar OTP don tabbatar da cinikin. Shafin ƙaryar zai buɗe gurbi ya ce ka rubuta lambar da aka turo maka don a kammala soke rajistar. Da ka rubuta, ka sa hannu a kan cinikinsa. Wannan shi ne karon farko da kuɗi ya bar asusunka.

Ka riƙe wannan da kyau: mayar wa mutum kuɗi ba ya buƙatar OTP, ko lambar sirrin kati, ko lambobin bayan kati. Waɗannan duk na fitar da kuɗi ne. Kamfanin da ya cire kuɗi daga katinka ya riga ya san inda zai mayar da shi.

Idan ka kira lambar

Wannan hanyar ta fi ta farko haɗari. Manhajojin tace imel irin na Gmail sun ƙware wajen kama mahaɗan banza, amma saƙon da ba shi da komai sai hoton rasidi da lambar waya yakan sulale ya wuce. Bayan haka, tunda kai ne ka kira, zuciyarka ta riga ta yarda cewa da kamfanin kake magana.

Muryar da za ta ɗauka mai ladabi ce. Zai ambaci sunan kamfanin, ya nemi lambar rasidi, ya yi kamar yana dubawa, ya ba ka haƙuri, ya ce kuskure ne kuma za a mayar maka da kuɗinka yanzu. Sai ya ce akwai fom ɗin sokewa da dole a cike, amma sai ka saukar da wata ƙaramar manhaja tukuna, irin AnyDesk ko TeamViewer ko UltraViewer. Waɗannan manhajoji ne na halal da masu gyaran kwamfuta ke aiki da su daga nesa. Da zarar ka karanta masa lambobin da suka bayyana ka amince, yana ganin duk abin da ke fuskar na'urarka, yana kuma iya sarrafa ta kamar tana gabansa.

Daga nan zai ce ka shiga asusun bankinka ka gani ko kuɗin ya shigo. Yakan baƙanta fuskar kwamfutar na 'yan daƙiƙoƙi, ya ce tsarin ne ke aiki. A cikin wannan duhun yake sauya alƙaluman da ke bayyana a shafin, ko ya ɗebo kuɗi daga asusunka na ajiya ya zuba a wanda kake kashewa. Fuskar na dawowa sai ka ga an shigo maka da 4,000 maimakon 400. Nan take murya ta sauya. Zai ce kai ne ka ƙara sifiri wajen cike fom, za a kore shi daga aiki, yana da iyali, ka taimaka ka mayar da rarar.

Kuɗin da kake gani naka ne, ko kuma zane ne kawai a fuskar kwamfuta wanda zai ɓace da ka sake buɗe shafin. Wanda za ka tura masa kuwa na gaske ne. Zai ce ka mayar ta hanyar katin kyauta na sayayya, ko kuɗin kirifto, ko ka tura wani asusu mai sunan mutum. Zai kuma ja kunnenka kada ka gaya wa ma'aikatan banki dalili, wai don kada maganar ta kai ga shugabansa. Da tsoro aka jawo ka, da tausayi ake tatsarka. A rahoton FBI na 2023, irin wannan damfara ta masu iƙirarin taimakon fasaha ita ce wadda mutanen da suka haura shekara 60 suka fi kai kuka a kanta.

A wajenmu sau da yawa ba sa bin wannan doguwar hanya. Mai maganar zai ce kawai ka karanto masa lambar katin da BVN don ya nemo cinikin, sannan ka karanto lambar da za ta shigo wayarka. Sakamakon ɗaya ne.

Idan wurin aikinka ake hari

Wani lokaci ba aljihunka ake nema ba. A shekarar 2021 masana tsaron kwamfuta, ciki har da na Microsoft, sun bayyana wani gungu da aka laƙaba wa suna BazarCall. Suna tura wa ma'aikatan kamfanoni saƙo cewa gwajin kyautarsu ya ƙare, za a fara cirar kuɗi. Har shafin kallon finafinai na bogi suka gina mai suna BravoMovies, da hotunan finafinai da jerin farashi. Wanda ya kira sai a jagorance shi ya saukar da fayil na Excel a matsayin fom ɗin sokewa. Buɗe fayil ɗin ke shigar da muguwar manhaja, wadda daga baya ake bi ta kanta a kulle bayanan kamfanin baki ɗaya a nemi kuɗin fansa.

A 2022 wani gungun da ake kira Luna Moth ya bi sahu, yana aron sunayen Duolingo da MasterClass, ya kuma addabi ofisoshin lauyoyi a Amurka da satar takardun sirri. Darasin a nan na ma'aikacin banki ne, da na asibiti, da na jami'a, da na ma'aikatar gwamnati. Idan rasidin rajistar kallon fim ya shigo imel ɗin ofis, kada ka ɓoye ka yi ƙoƙarin warware shi kai kaɗai don gudun faɗa. Ka nuna wa masu kula da kwamfutocin wurin.

Alamomin da ido ke iya kamawa

Fara da mai aikowa. Sunan da ke bayyana a sama, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Taɓa sunan, adireshin ainihi zai fito. Idan sunan ya ce Norton amma adireshin ya ƙare da gmail.com ko outlook.com ko wasu haruffa barkatai, magana ta ƙare. Babban kamfani ba ya aika rasidi daga akwatin kyauta.

Sai ka koyi karanta adireshin shafi. A waya ka danne mahaɗin ka riƙe ba tare da ka saki ba, a kwamfuta ka ɗora kibiyar linzami a kansa, adireshin zai bayyana. Ka nemi sanda mai karkata (/) ta farko da ta biyo bayan sunan, ka karanto baya. Sunan da ke manne da ƙarshen, wato .com ko .ng ko makamancinsu, shi ne mai shafin. Adireshi irin netflix.com/asusu na Netflix ne. Amma irin netflix.com.sabunta-kati.xyz na mai sabunta-kati.xyz ne, sunan Netflix ado ne kawai aka liƙa a gaba. Ka lura kuma da musanyar haruffa: lamba 1 a madadin harafin l a cikin paypal, ko r da n a jere su yi kama da m a cikin amazon. A ƙaramar fuskar waya da wuya ido ya rarrabe sai an natsu.

Dubi gaisuwar. Kamfanin da kake biya ya san sunanka. PayPal yana kiran abokan hulɗarsa da cikakken suna, Apple kuma ya ce rasidinsa na gaskiya yana ɗauke da adireshin da ka yi rajistar biya da shi. Saƙon da ya kira ka "abokin ciniki" ko ya gaishe ka da adireshin imel ɗinka, mai shi bai san ka ba. Dubban mutane ya watsa wa, da adireshin da aka kwaso daga bayanan da aka taɓa sacewa. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 kaɗai ya shafi asusu biliyan 3.

Tambayi kanka: daga wane kati aka cire? Rasidin gaskiya yakan nuna lambobi huɗun ƙarshe na katin. Na ƙarya yakan ce an cire daga asusunka kawai, ba banki ba lamba. Tambayi kanka kuma ko kana da wata alaƙa da kamfanin. Best Buy ba shi da shago a Najeriya ko Nijar, saboda haka rasidin Geek Squad ga wanda bai taɓa sayayya a can ba shara ce. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai ɗauke da sunan kamfanin da kake biya da gaske.

A ƙarshe, dubi wa'adin. Sa'o'i 24, yau ɗin nan, kafin ƙarfe goma sha biyu. Gaggawar don a hana ka tunani da shawara ce. Kamfani na gaskiya idan katinka ya ƙi biya, yakan sake gwadawa ko ya dakatar da hidimar har ka gyara.

Alamomin da bai kamata ka dogara da su ba

An daɗe ana cewa saƙon damfara cike yake da kurakuran rubutu. Wasu har yanzu haka suke, amma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sa kowa na iya fitar da wasiƙa mai tsabta da kowane harshe. Kyawun Turanci ba shaida ba ne.

An kuma ce a duba alamar kwaɗo a gefen adireshi. Kwaɗon yana nufin abin da ka rubuta zai isa ga mai shafin ba tare da wani ya leƙa a hanya ba. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma 'yan damfara ma suna samunsa kyauta. Saboda yawan wannan rashin fahimta ne Google ya cire alamar daga manhajar Chrome a 2023.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne saƙo na iya fitowa daga adireshin gaskiya ya kasance tarko. PayPal yana ba duk mai asusu damar aika wa wani takardar neman biya. Ɗan damfara sai ya buɗe asusu, ya aika maka takardar da sunan wani kamfani, ya rubuta lambar wayarsa a gurbin bayani. Saƙon daga PayPal ya fito, mahaɗin ma na PayPal ne, amma neman biya ne, ba a cire komai ba. Wanda ya kira lambar da ke gurbin bayanin ya faɗa hannunsu.

Gwajin da ba ya buƙatar ƙwarewa

Tunda alamomin ido na iya yaudara, ga hanyar da ko wanda bai iya Turanci ba zai iya bi. Rufe saƙon. Buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambar nan ta duba asusu da ka saba dannawa, ka ga ko kuɗi ya ragu. Gani ya kori ji. Idan dala ɗari uku ta fita daga asusun naira, ba sai wani ya ba ka labari ba, alat ɗin banki zai riga imel isowa.

Sannan ka je wurin kamfanin ta hanyar da ka sani. Buɗe manhajarsa da ke wayarka, ko ka rubuta adireshinsa da hannunka. A wayar Android, cikin Play Store akwai sashen biya da rajista inda za ka ga duk abin da kake biya ta Google. A iPhone, cikin saituna ka taɓa sunanka, jerin rajistocinka na nan. In akwai matsala ta gaske za ta bayyana a can, a can kuma ake sokewa. In kana son kiran banki, yi amfani da lambar da ke bayan katinka. Ka yi hattara da lambar da ka samo ta binciken intanet, domin su ma suna sayen talla su ɗora lambobinsu a sama.

Ƙa'idar guda ce: labari na iya zuwa ta saƙo, amma mataki ta hanyarka kake ɗaukarsa.

Za ka ƙara sauƙaƙa wa kanka idan ka rubuta duk rajistocin da kake biya a takarda ɗaya, da kuɗinsu da ranar cirarsu. Wanda ya san abubuwa uku kawai yake biya ba zai firgita da rasidi na huɗu ba. Ka ware kati ɗaya na sayayyar intanet wanda ba ka barin kuɗi mai yawa a asusunsa, ka kuma bar saƙon alat a kunne.

Idan an riga an faɗa

In buɗe saƙon kawai ka yi ka karanta, babu abin damuwa. Yi amfani da maɓallin kai rahoton saƙon tarko da ke cikin Gmail ko Outlook, sannan ka goge. Kada ka mayar da amsa, ko da ta zagi ce, domin amsa tana tabbatar musu akwai mai karantawa.

In ka rubuta kalmar sirri, shiga shafin ainihi ka sauya ta nan take, ka sauya a duk inda ka yi amfani da irinta, musamman imel. In ka ba da bayanan kati, toshe katin yanzu ta manhajar banki ko ta lambar toshewa da kowane banki ke da ita. Wannan lamba ta cancanci ka neme ta yau ka adana, kafin ranar buƙata. In ka saukar da manhajar sarrafawa daga nesa, kashe data da wayafai, cire manhajar, sauya kalmomin sirrinka daga wata na'urar, ka kai taka wurin mai gyara amintacce.

In kuɗi ya fita, kira banki a wannan sa'ar, sannan ka je reshe ka shigar da koke a rubuce. Damar tsayar da kuɗi tana raguwa da kowane minti, domin sukan rarraba shi zuwa wasu asusun cikin hanzari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: faɗa musu duk abin da ya faru, har da lambar OTP da ka bayar. Ajiye saƙon da lambar wayar da shaidar tura kuɗin. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta aika saƙon tarko ƙarara, ana kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan banki bai saurare ka ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Nijar ma ta kafa tata dokar laifukan intanet a 2019.

Ka sa ran kira na biyu. Wanda aka taɓa cuta, sunansa yakan shiga jerin da suke musaya a tsakaninsu. Wani zai ɓullo a matsayin lauya ko jami'in tsaro ko gwanin kwamfuta, ya ce zai ƙwato maka kuɗin in ka biya wani abu tukuna. Su ne dai suka sake riga.

Ina roƙon mai karatu abu ɗaya. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ko wani babba a gida ya faɗa wannan tarko, kada a yi masa dariya ko faɗa. Kunya ce ke sa mutane yin shiru har lokacin ceto ya wuce, kuma masu wannan sana'a sun san haka. Ku yi yarjejeniya a gida tun yanzu cewa duk saƙon da ya ambaci kuɗi da wa'adi, ba a taɓa shi sai an nuna wa wani.

Ka lura cewa a kusan kowace hanya da muka bi, ɗan damfara yakan zo ya tsaya a wuri ɗaya: yana buƙatar ka miƙa masa kalmar sirri ko 'yar lambar nan da banki ke turowa. A babi na gaba za mu duba yadda waɗannan makullai biyu suke aiki, yadda ake zaɓar kalmar sirrin da ba a iya cinka, da yadda za ka kafa tabbaci mai mataki biyu, ta yadda ko an sace ɗaya ba za a iya shiga asusunka ba.